Roƙon Tallafi Domin Gyaran Ɗakin Baba Ladan da Ajujuwan Islamiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kwamitin masallacin unguwarmu da ke gefen Apapa a Ikko yana miƙa gaisuwa ga iyayenmu malamai, da Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, da iyayenmu mata, da 'yan kasuwa, da direbobin tirela da tanka waɗanda ke bin sahu tare da mu duk lokacin da layin shiga tashar jiragen ruwa ya tsare su, da kuma 'ya'yan wannan unguwa da Allah ya ɗaukaka suka koma Abuja ko Kano ko Kaduna ko ƙasashen waje. Bayan gaisuwa, muna sanar da ku halin da ɗakin Baba Ladan yake ciki, shi da ajujuwa biyu na Islamiyya da ke jingine da shi, domin lamarin ya kai inda rufe shi zai zama cin amana.

Iskar teku mai gishiri ta cinye kwanon rufin, ta yadda mai zama a ciki da rana yana ganin haske yana zubowa ta ƙofofi barkatai. Gara ta gama da katakon da ke riƙe da kwanon, silin na kusurwar gabas ya jiƙe ya rufto, bangon da ya raba ɗakin Baba da aji na farko kuwa ya tsage har yaro yana iya zura hannunsa ta ciki. Mafi muni shi ne kwatar da ke bayan ginin, wadda ta toshe da leda da robobi, da an yi ruwa mai ƙarfi sai baƙin ruwanta ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya mamaye daɓen. A daminar da ta wuce, waɗanda suka zo sallar asuba sun tarar da Baba ya haɗa bencin ɗalibai guda biyu ya ɗora katifarsa a kai, ya ɗaure Alƙur'aninsa da takardun fanshonsa a cikin leda ya rataye a ƙusa, sannan ya tattare wandonsa ya ratsa ruwan ya je ya kira sallah a kan lokaci. Tun daga wannan damina tari bai sake shi ba. Kowa ya san ruwan Ikko a watannin Yuni da Yuli, kuma maginin da ya duba bangon ya faɗa mana ƙarara cewa ba zai ɗauki wata damina ba.

Da yawa daga cikin matasanmu sun buɗe ido ne suka ga Baba tsoho mai farin gemu, saboda haka ya kamata su san wanda ake roƙo dominsa. A Arewa aka haife shi, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da suka kammala sakandare a wancan zamani da ake iya ƙirga masu irin wannan takardar a gari guda da yatsun hannu. Da ya so, da ya zama akawu a En'e ko a reluwe ko a banki, ya yi zamansa kusa da iyayensa. Amma tun a makaranta ya ƙware wajen busa begila a faretin ɗalibai, kuma son wannan busa ne ya sa ya hau jirgin ƙasa ya sauka a tashar Iddo, ya shiga rundunar sojan ruwa, wadda aka kafa a 1956, lokacin ba ta fi shekara goma da kafuwa ba. Yakan ce kafin nan babban ruwan da ya taɓa gani shi ne Kwara, ta tagar jirgi a gadar Jebba. Aka sa shi cikin 'yan badujala, ya koyi karanta kiɗa a rubuce, ya zama mai busa a faretin girmamawa da wajen ɗaga tuta da sauke ta.

Bai daɗe yana wannan aiki ba yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Mutanenmu sun fi jin labarin sojan ƙasa, su Nsukka da Enugu da Onitsha, domin a can akasarin 'yan Arewa suka yi yaƙi, amma aikin sojan ruwa a ƙarƙashin Joseph Wey bai gaza nasu nauyi ba. Su ne suka tsare bakin teku, kuma su ne suka ɗauki dakarun Kanar Benjamin Adekunle a jiragensu suka sauke su a Bonny a ƙarshen watan Yulin wannan shekara, inda tashar lodin ɗanyen mai take, sannan suka sake yin haka a Kalaba a watan Oktoba, abin da ya buɗe hanyar kama Fatakwal a watan Mayun 1968. A irin wannan lokaci babu mai buƙatar fareti. Baba ya ajiye begila aka ba shi gadon ɗaukar masu rauni, ya yi ta jigilar samari daga gaɓa zuwa jirgi a cikin taɓo da sauro da ruwan sama, wasu su kai da rai, wasu su cika a hannunsa yana laƙƙana musu kalmar shahada. Ƙarar igwar jirgi ce ta kashe masa kunnen hagu, shi ya sa har yau yake juyo da dama idan ana yi masa magana. Ba mai son ba da labarin yaƙi ba ne, kuma ba mu taɓa jin ya yi alfahari da shi ba. Abin da muka fi ji daga bakinsa shi ne addu'a ga yaran da yunwa ta kashe a ɗaya ɓangaren sakamakon tsare tekun, wadda yakan haɗa da addu'ar da yake yi wa abokan aikinsa da ba su dawo ba.

Da yaƙi ya ƙare a ranar 15 ga Janairun 1970, ya koma bakin aikinsa na badujala, ya busa a bukukuwan ƙasa a tsohon filin sukuwa da ake kira Dandalin Tafawa Balewa a yanzu, har ya yi ritaya. Abokansa suka kwashi iyalansu suka nufi gida, shi kuwa ya zauna a nan, lokacin wannan masallaci rumfar katako ce, babu lasifika, babu wutar lantarki. Dattawan unguwa suna ba da shaida cewa ƙirjin da ya saba da begila shi ne ya riƙa kai kiran sallah har bakin babban titi, ya tashe masu barci a cikin motocinsu. Da kuɗin sallamarsa aka sayi bulon aji na farko na Islamiyyar nan. Da yake shi ne mai ilimin boko a cikinmu, shi ke rubuta wa mutane wasiƙa zuwa gida, shi ke karanta musu katin asibiti da takardar kotu da sammacin mai gidan haya, kuma da yamma ya tara yara ya koya musu lissafi da Turanci ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Akwai lauyoyi da ma'aikatan banki da jami'an kwastan a yau waɗanda a kan bencin nan suka fara haɗa baƙi, kuma muna da yaƙinin wasunsu za su karanta wannan takarda.

Ya zo kunnen kwamiti cewa akwai masu cewa ai tsohon makaɗi ne, wai don me za a tara masa kuɗin masallaci. Ba za mu buɗe muhawara a kan hukuncin kiɗa a nan ba, wannan fagen malamai ne. Abin da muka sani shi ne mutumin nan ya shafe shekaru masu yawa yana tashinmu sallar asuba, kuma ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ladanai su ne mafi tsawon wuya a ranar alƙiyama. Wanda yake ganin ya fi shi tsarki, muna gayyatarsa ya zo ya karɓi kiran asuba na mako guda a cikin damina. Ban da haka ma, ginin na masallaci ne, yaran da ke karatu a cikinsa kuma 'ya'yanku ne.

Ba mu manta da alherin da aka yi a baya ba. Wata Hajiya mai sayar da abinci a garejin tanka, Allah ya jiƙanta da rahama, ita ce ta sayi kwanon da muke kuka da shi yanzu, ta hanyar adashin da ta yi ta zubawa shekara guda cur, kuma ta hana a ambaci sunanta a lasifika har ta bar duniya. Wani dattijo Bayerabe Kirista, wanda suka yi aiki a jirgi ɗaya da Baba, yakan aiko da buhun siminti ko kuɗin magani duk lokacin da fanshonsa ya shigo, alhali shi ma ba wadata gare shi ba. Direbobi kuma sun sha haɗa abin da ya sawwaƙa bayan sallar Juma'a. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri. Sai dai gaskiya ɗaya ce, mun ga wani abin daban. An taɓa ƙaddamar da gidauniya a harabar nan gab da zaɓe, aka kafa rumfuna, aka yi hayar kujeru, manyan baƙi suka karɓi makirufo suka ambaci kuɗaɗen da suka sa mata guɗa, aka ɗauki hotuna da Baba sanye da tsohuwar hularsa ta aiki. Abin da ya shigo hannun ma'aji daga waɗannan alkawura bai biya kuɗin hayar rumfunan ba. Haka kuma duk ranar tunawa da 'yan mazan jiya akan samu masu zuwa su maƙala masa baje a ƙirji, su sara masa, su tafi, babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi silin. Ba mu ambaci sunan kowa ba, kuma ƙofar cika alkawari a buɗe take har gobe.

Abin da ake buƙata shi ne a kware rufin gaba ɗaya a sa sabon katako da kwano mai kauri wanda zai jure gishiri, a rushe bangon da ya tsage a sake gina shi, a ɗaga daɓen ya fi ƙarfin ruwan kwata, a yashe kwatar kanta a yi mata murfi, sannan a kama wa Baba ɗaki na ɗan lokaci kusa da masallaci, domin ya ƙi amincewa da duk wurin da zai nisanta shi da kiran sallah. Abin da ke cikin asusu a yanzu bai kai sulusin kuɗin aikin ba, ga shi farashin siminti da kwano kullum sama yake yi. Duk wanda ya ba da wani abu za a rubuta masa rasit, kuma za a riƙa karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe bayan sallar Juma'a.

Don girman Allah, 'yan'uwa, kada wani ya raina abin da ke hannunsa. Mai buhun siminti ɗaya ya kawo, mai fallen kwano ya kawo, mai tifa ya taimaka da yashi, kafinta da birkila su ba da yini guda fisabilillahi, matasa kuma su fito da shebur ranar yashe kwata. Ku kuma 'ya'yanmu da ke nesa, waɗanda Baba ya riƙe hannunku kuka koyi rubuta sunanku, ba ma so labari ya iske ku cewa bango ya faɗa wa malaminku, sannan ku fara aiko da kuɗin sadakar uku. Ana karɓar gudummawa a hannun ma'ajin kwamiti ko na'ibin liman bayan kowace sallah, masu kayan gini kuma su sauke a harabar masallaci su sanar da sakatare. Magini ya ce yana buƙatar makonni shida na rani kafin ya rufe ginin, saboda haka muna so a fara kware kwano da zarar kuɗin katako ya haɗu.

Allah ya ba da ikon taimakawa, ya karɓa daga gare mu baki ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Kwamitin Masallaci da Islamiyya.