Zuwa ga Nasiru, kan maganar kare

Ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zafin Katsina? Mu nan Daura lafiya lau, innarka tana gaishe ka.

Ƙanenka ya ce kana ta tambayar kuɗin ɗan kwikwiyo. In ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, shi ya sa na ce bari in riga ka: kada ka saya. Ɗaki ɗaya kake haya, mai gida ba zai yarda ba, kuma kare yakan yi shekara 10 ko fiye a duniya, kai kuwa ba ka san inda baɗi za ta same ka ba. Ka kuma karanta a Risala cewa ba a ajiye kare sai don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci. Amma son dabba ba laifi ba ne, kuma a wajen Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke mazubin da ya sha a ciki sau bakwai. Saboda haka ka je inda karnuka suke da aikin yi, ka zama mai amfani ga masu su.

Fara da asibitin dabbobi na gwamnati. Ka gaida likita, ka ce kana son taimakawa ranar da ba ka da lacca. Shara da wanke teburi za a fara ba ka, kada ka raina. Daga nan za a koya maka riƙo: hannu ɗaya ya zagaye wuya ta ƙasa, ɗayan ya rungumo ciki, ka manna karen da ƙirjinka, fuskarka nesa da bakinsa. In babu takunkumi, ana yin sa da bandeji mai tsawon mita ɗaya: a yi zarge, a zura a kan hanci a ɗaure ta sama, a gitta ta ƙarƙashin haɓa, a ƙulle a bayan kunnuwa. Minti kaɗan ake barinsa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, in ka rufe bakinsa da rana tsaka ka daɗe sai ya faɗi. Wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, akan yi gangamin rigakafi, lokacin ne aka fi neman hannu.

Kafin ka fara wannan aiki ka nemi a yi maka allurar rigakafin haukan kare, sau biyu, mako guda tsakani. Ba ta ɗauke maka zuwa asibiti in an cije ka, tana dai rage yawan alluran da za a yi maka.

Sai mafarauta. Ka bi ta hannun babbansu, da sallama da ladabi, kada ka faɗa wa karnukan mutane kai tsaye. Ka zauna da su da yamma lokacin ciyarwa, ka taimaka da dama dusa da ɗebo ruwa. A nan za ka ga yadda kare yake gane muryar ubangidansa cikin muryoyi goma. Zaman gari na yarda maka. Shiga daji kuwa, da halin da dazukan jihar nan suke ciki, ban yarda ba, ko wa ya gayyace ka.

Hanya mafi sauƙi ita ce gidajen da ke da karen gadi. Masu gida kan yi tafiya, aikin Hajji ko hutun Sallah, mai gadi kuma sau da yawa tsoron karen yake yi, sai ya jefa masa abinci daga nesa. Ka karɓi ciyarwa da fita da shi, amma da sharaɗi biyu. A nuna maka katin rigakafinsa. Ana fara yi wa kare allurar yana wata uku, a maimaita duk shekara. Sannan ka zo sau uku ko huɗu mai shi yana nan, kafin ya tafi.

Haɗuwar farko ita ce komai. Kada ka tunkare shi gaba da gaba, kada ka zuba masa ido. Ka ba shi gefenka, hannuwa a sake, ka bari shi ya zo ya shinshina. In ya zo, shafa ƙirji ko kafaɗa, ba tsakiyar kai ba, ka ƙirga uku ka janye hannu. In ya matso yana so, in ya kau da kai ka ƙyale shi. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce: in wutsiyar ta miƙe sama tana rawa kaɗan-kaɗan, jiki ya sandare, baki a rufe, ja da baya a hankali. Lasar leɓe, hamma babu barci, farin ido a waje, duk takura ce. Kada ka taɓa kare yana ci ko yana barci, balle karya mai jego. Kuma kada a daki kare don ya yi gurnani. Wanda aka hana shi gurnani, gobe cizo zai yi babu sanarwa. In baƙon kare ya taso maka, tsaya cik. Gudu ne ke sa shi bi.

Fita da shi bayan Asuba ko gab da Magariba. A watannin bazara ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta. In ba za ka iya ƙirga biyar ba, tafin ƙafarsa zai ƙone. Igiya ta kai mita ɗaya da rabi, kada ka naɗe ta a yatsu, fizga ɗaya tana karya yatsa. Abin wuya kuma yatsu biyu su shiga ƙarƙashinsa. Kare mai kilo 20 yana shan kamar lita ɗaya a rana, leda biyu ta fiya wata ke nan, da zafi kuwa ya fi haka nesa. Kada ka ba shi albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi ko goro, haka dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa ya soki hanji. Maganin ciwon jiki na mutane ma guba ne gare shi. In ka ga kaska, kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe, ba a zuba kananzir, ba a murtsuke ta da farce.

In tsautsayi ya faɗa, cizo ko yakushi, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cif, ka duba agogo. Shafa aidin, kada ka sa toka ko barkono, ka tafi asibiti a ranar. Allurai ne a jere: ranar farko, bayan kwana 3, in da saura kuma yadda likita ya rubuta, kada ka tsallake ko ɗaya. A tsare karen kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jira sakamako kafin a fara allura, don ciwon kan yi wata biyu ko uku a ɓoye, in kuma alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi.

Kuɗin allurar rigakafin zan aiko maka ranar Juma'a. In an yi maka, turo mini hoton katin.

Mahaifinka.