A Ba Mu Tarihin FC Imabari Da Cikakken Bayaninsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka na shafin wasanni. Roƙona shi ne, duk ranar da za ku taɓo ƙwallon Japan, ku riƙa leƙa ƙananan rukunoni, domin a can ake ganin yadda ake gina kulob tun daga tushe. Ga misalin FC Imabari, wadda masu taƙaita labari kan ce wani tsohon kocin Japan ne ya saye ta ya cilla ta sama. Wannan taƙaitawar tana zubar da abin da ya fi muhimmanci. Shekara goma cur aka yi ana wannan hawan, kuma abin da ya fi cin lokaci da kuɗi shi ne filin wasa, 'yan kallo da littafin lissafi.

Imabari gari ne a lardin Ehime da ke tsibirin Shikoku, mai mutane wajen 150,000, wanda aka sani da ƙera jiragen ruwa da saƙar tawul. An kafa kulob ɗin a 1976 a matsayin ƙungiyar 'yan sha'awa, ya yi ta sauya suna, har ya taɓa zama ƙungiya ta biyu a ƙarƙashin Ehime FC. A 2012 ya tsaya da ƙafarsa da sunan FC Imabari, kuma a shekarar ya fitar da Sanfrecce Hiroshima daga Kofin Sarkin Japan, alhali Sanfrecce ce ta ci gasar J1, rukuni mafi girma a Japan, a wannan kakar. Amma nasarar rana ɗaya ba ta ɗaga kulob daga rukuninsa. A gasar shiyyar Shikoku yake, a can kuma ya ci gaba da zama.

Sai mai karatu ya san matakalar kafin ya gane wahalar. A sama akwai J1, J2 da J3, rukunonin ƙwararru ke nan, kowanne da ƙungiya 20 tun 2024. Ƙasa da su akwai JFL, wato rukuni na huɗu, sannan gasannin shiyyoyi guda 9, kuma ta Shikoku na cikinsu. Cin gasar shiyya ba ya kai ka JFL kai tsaye. Sai an tara ƙungiyoyi 12 a gasar zakarun shiyyoyi, a raba su gida uku, a zagayen farko kowace ta buga wasa uku cikin kwana uku a jere. Kulob mai 'yan wasa goma sha ɗaya masu kyau da benci mara ƙarfi, a rana ta uku yake karyewa, ƙafafu sun yi nauyi, ga rauni, ga katin gargaɗi sun taru. Aikin shekara guda yakan rushe a ƙarshen mako ɗaya.

A watan Nuwamban 2014 Takeshi Okada ya sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin da ke tafiyar da kulob ɗin. Shi ne ya jagoranci Japan a gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa da ta 2010 a Afirka ta Kudu, ya kuma ci gasar Japan da Yokohama F. Marinos a 2003 da 2004. Bai zo neman kujerar koci ba. Ya nemi wurin da zai dasa tsarin koyarwa ɗaya daga yara har babbar ƙungiya, abin da manyan kulob masu tsoffin al'adunsu ba za su sakar masa ba. Tsarin nasa ya ginu kan a cusa wa yaro ƙa'idojin wasa har ya kai shekara 16, daga nan a sake shi ya yi hukunci da kansa a fili. Duk da sunansa, a 2015 Imabari ta ci Shikoku ta je gasar zakaru ta faɗi a zagayen farko. Sai a 2016 ta lashe gasar zakarun, ta shiga JFL a 2017.

A nan ne nake so ku fi tsayawa. A wancan lokacin, shiga J3 na bukatar abubuwa da dama a lokaci guda: kulob ya ƙare cikin huɗun farko a JFL, ya mallaki lasisin J3, matsakaicin 'yan kallonsa a gida ya kai 2,000, kuɗin shigarsa na shekara ya kai yen (kuɗin Japan) miliyan 150, filinsa kuma ya ɗauki mutum 5,000. Ko ɗaya ya ɓace, ba hawa. Imabari ba ta da irin wannan fili, don haka aka gina wani mai ɗaukar mutum 5,000 da ɗoriya, aka buɗe shi a 2017, da ɗaukar nauyin wani kamfanin garin mai suna Arigato Service. Fili ya samu, mutane sun zo, sai kuma teburin gasa ya ƙi. Kaka biyu, 2017 da 2018, tana ƙarewa ƙasa da huɗun farko. A 2019 ta zo ta uku, ta shiga J3 a 2020.

A ganina wannan tsari na Japan daidai ne, ko da yake yana da ɗaci. Kulob ɗin da ya hau ba tare da masu sayen tikiti ba, albashin ƙwararru da kuɗin tafiye-tafiye daga wannan tsibiri zuwa wancan za su cinye shi cikin kaka biyu. Saukowa ma tana da sauri: Iwate Grulla Morioka tana J2 a 2022, amma ƙarshen 2024 ta faɗo daga J3 zuwa JFL.

Imabari ba ta jira hawa J2 kafin ta fara shirin filin da zai dace da can ba. A farkon 2023 ta buɗe filin Satoyama a gefen na farko, mai kujeru 5,316, wanda ya ci kusan yen biliyan 4. Hukumar garin ta ba da aron ƙasar, kulob ɗin kuma ya haɗa kuɗin ta hanyar masu zuba jari, gudummawa da rancen banki. Dabarar ginin ita ce an bar wurin ƙara kujeru daga baya, saboda manyan rukunoni suna neman fili mafi girma. Da an gina na mutum 15,000 tun farko a garin mutum 150,000, da bashi ya yi yawa, kujeru kuma su zauna fayau, fili fayau kuwa yana kashe wa 'yan kallo da masu talla gwiwa. Haka kuma an shirya wurin yadda za a riƙa shigarsa a ranakun da ba wasa, domin wasannin gasa na gida 19 ne kacal a shekara, ba za su iya riƙe gini irin wannan su kaɗai ba. A 2024 ma an buɗe makarantar sakandare mai ɗauke da sunan kulob ɗin a garin.

A ƙarshen kakar 2024, ƙarƙashin koci Toshihiro Hattori, Imabari ta zo ta biyu a J3 bayan Omiya Ardija, ta haye J2 a karon farko, shekara goma daidai da zuwan Okada.

Don Allah, Malam Edita, idan kun tashi kawo wannan labari, ku buga sharuɗɗan lasisin nan da alƙalumansu a gefen sakamakon wasannin, ku kuma nuna shekarar da aka buɗe kowane fili, domin mai karatu ya ga cewa sau biyu ana riga hawan da gini.

Naka,
Wani mai bibiyar shafinku na wasanni