Wasiƙa Daga Zariya Cikin Hunturu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda muke a nan. Inna tana gaishe ka, kuma ta ce in tambaye ka ko har yanzu karatun bai ƙare ba, domin a lissafinta ka yi damina uku ba ka taka Zariya ba. Uwargida da yara duk suna miƙa gaisuwa.

Saƙonka ya iso tun farkon wata, da gangan kuwa na ƙi amsa shi ta waya, saboda tambayar da ka yi ta fi ƙarfin 'yan kalmomin da ake aikawa a tsaitsaye. Ga kuma tazarar sa'a 7 da ke tsakaninmu, lokacin da nake samun sukuni bayan sallar isha'i kai dare ya riga ya tsala a Kwala Lamfur. Ka ce abin da ya fi damunka a Malesiya shi ne kwanakin duk kamarsu ɗaya, gumi da safe, hadari da la'asar, ganye kore shar tun daga farkon shekara har ƙarshenta, har mutum ya rasa abin da zai duba ya san inda shekara ta kai. Daga nan ka tambaye ni ko har yanzu ina rubuta waƙa. Na daɗe ina juya maganganun nan biyu a raina, sai na ga a wurina igiya ɗaya ce ta ɗaure su, shi ya sa na zauna in ba ka labarin tun daga tushe.

Ka san bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, na yi kusan shekara biyu ban rubuta ko baiti ɗaya ba. A lokacin na ɗauka hayaniyar gida ce ta hana ni, don haka na gyara ɗakin da ke kusa da zaure, na sa tebur da kujera, na sayi sabon littafi mai bango mai kauri, na kuma gargaɗi yara kada wanda ya leƙo idan na shiga. Na samu shirun da nake nema, amma littafin ya zauna fari fat. Sai kakar bara waccan, bayan mun kwaso dawa da masara daga gonarmu ta hanyar Giwa, injin surfen unguwarmu ya lalace, mai shi ya yi kwanaki yana jiran kayan gyara. Dole aka fito da babban turmin Inna wanda ya daɗe a kife a bayan rumbu. Uwargida da maƙwabciyarmu da babbar 'yata suka kewaye shi, kowace da taɓaryarta, Inna kuwa tana zaune a tabarma tana yi wa jikarta gyara: ta sassauta kafaɗa, ta bar taɓarya ta faɗa da nauyinta, kada ta riga ta gabanta. Can da hannu ya faɗa, sai manyan biyu suka fara lugude, suna cilla taɓarya sama su tafa kafin su cafe.

Ina cikin ɗakin nan nawa na ji sautin yana shigowa ta taga, bugu biyu marasa nauyi, ɗaya mai nauyi, tafi ya raba tsakani, a sake komawa. Ban san lokacin da bakina ya fara jera kalmomi a kan wannan kari ba. Abin da ya fara zuwa shi ne Baba a bakin gona ranar ɗaurin dawa, yana ƙirga dami, duk na goma ya sa a jingine shi gefe, domin ba ya yarda ko zangarniya ɗaya ta shiga rumbu kafin a fitar da zakka. Ya sha gaya mana cewa abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa, wanda kuwa aka sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin, kuma ya ce ko a wannan bambancin akwai abin lura game da adalcin Ubangiji. Kafin a kira magariba na rubuta baiti bakwai, ƙwar biyar, wato kowane baiti mai layi biyar, amsa-amonsu bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Na fito tsakar gida na karanta wa Inna, ta yi shiru tana tsince tsakuwa a faifai, daga baya ta ce in sake karanta na ukun. Tun daga ranar na mayar da teburin nan rumfar tsakar gida, ɗakin kuma ya koma na baƙi.

Daga wannan lokaci ne na fara lura cewa rubutuna yana bin shekara kamar yadda aikin gona yake binta. Yanzu da nake rubuto maka hunturu ya kankama sosai. Yau da safe hazo ya rufe gari har Dutsen Kufena ya ɓace, rana ta fito fara kamar faranti, ana iya kallonta ido da ido. Wani abokin aikina mai koyar da labarin ƙasa ya nuna mini a taswira inda yawancin ƙurar nan take tasowa, wani kwari ne mai suna Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ce take kwaso ta ta kawo mana. Tun da na ji haka, duk sanda uwargida ta share taga ta tara wannan lallausar ƙura a bakin tsintsiya, sai in tuna irin tafiyar da ta yi kafin ta sauka a gidanmu, kuma wannan tunani ma ya shiga wata waƙa.

Ban ɓoye maka ba, a duk shekara babu lokacin da nake so kamar wannan, duk da tari da mura da fason ƙafa da yake zuwa da su. Idan na dawo daga sallar asuba nakan tarar Inna ta riga ta hura garwashi a kaskonta, yara sun kewaye ta kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, tana shafa musu man kaɗanya a ƙafa da leɓe ɗaya bayan ɗaya, mai gardama ta riƙe shi da ƙarfi. Daga madafa ƙamshin kunun tsamiya yana tasowa, an aiki yaro ya karɓo ƙosai tun da zafinsa. A wannan ɗan tsakani, kafin a fara neman takalmin makaranta da ya ɓata, nake yin yawancin rubutuna, yatsuna suna ƙagewa ina ɗumama su a jikin kofi. Da dare kuma kaskon nan dai shi ne majalisa. Inna takan yi musu tatsuniya, ni kuwa ina gefe kamar mai duba takardun ɗalibai, alhali kunnena yana wurinta, domin a bakinta nake tsintar kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakinmu. Shekaranjiya ta ce jaura ta taso, 'yar autarmu ta tambaye ta wace ce Jaura, a wane gida take. Aka yi dariya, sannan Inna ta bayyana mata cewa iskar sanyin nan ce mai ratsa ƙashi. Na rubuta kalmar a bayan littafina, kusa da marka da agazari da wasu fiye da talatin da na tara daga wurinta. Ina jin nauyin wannan aiki ƙwarai, saboda shekarunta sun ja, kuma abin da ba a karɓa daga bakinta yanzu ba, ban san inda za a same shi gobe ba.

Ka tuna fadamar Galma a irin wannan lokaci? Ranar Asabar na kai yara can. Masu noman rani sun cika ta, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, tumatir da albasa da karas jibge a bakin hanya. Mun sayo kwando guda, uwargida ta yanka rabi ta shanya a kan rufi don kauɗa, saboda ta san tsadar da tumatir yake yi da zarar ruwa ya sauka. A hanyar dawowa muka tsaya wurin mai rake, na kuma sayi mazarƙwailar Maƙarfi, wadda na san da kana nan da sai ka karɓe rabinta.

Bazara ba ta ba ni sabon baiti, zafin Maris da Afrilu ba ya barin kai ya yi wannan aiki. Abin da nake yi shi ne gyara. Idan mun fito da tabarmi tsakar gida don kwana, an yayyafa ruwa a ƙasa, randa ta yi sanyi, yara sun ƙoshi da mangwaro sun yi barci, sai in riƙa karanta wa uwargida abin da na rubuta da hunturu. Ba ta taɓa zama ajin nazarin waƙa ba, amma kunnenta ya fi nawa kaifi. Takan tsayar da ni ta ce wannan ɗangon yana ɗingishi, in na ƙirga gaɓoɓinsa kuwa sai in tarar da gaskiyarta. Azumin 2024 a irin wannan zafi muka yi shi, ka tsira daga wannan. Na tuna na 2011 da muka yi tare a Samaru a tsakiyar marka, muna buɗa baki ruwa yana zuba. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, azumi yakan zagaya dukkan lokutan shekara cikin wajen shekara 33, ga shi yanzu yana matsowa cikin sanyi. Yarana za su fara azuminsu da sauƙin da mu ma muka fara namu da shi muna yara.

Da damina kuwa alƙalami yakan huta gaba ɗaya. Tun daga ranar da yara suka shigo da gudu suna cewa sun ga shamuwa, hankalina ya koma kan iri da taki da masu huɗa. Ruwan da Zariya take samu a shekara bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Naku a can ya ninka wannan har da ƙari, ga shi a warwatse cikin shekara, don haka na fahimci dalilin da ya sa ruwa ya daina ba ka mamaki. Mu da muke yin wata shida muna kallon sama, daren da aka yi ruwan farko ba mai iya barci, ƙamshin ƙasa yana shigowa har cikin ɗaki, yara suna roƙon a bar su su fita. Damina tana da nata nauyi, ban manta ba: ɗakin Inna ya yi yoyo a watan Agusta, katangar maƙwabcinmu ta zube, kuma ɗana na tsakiya ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro har kwana biyar, muka yi ta zirga-zirgar asibiti kafin Allah ya ba shi lafiya. Amma a cikinta ne ake gasa sabuwar masara a bakin murhu, a dafa ɗanyar gyaɗa, a yi faten tsaki da rama da yakuwa ranar da marka ta hana kowa fita, a haɗu a ɗaki ɗaya ana sha ana gumi. Ba na rubuta komai a lokacin, sai dai duk abin da nake rubutawa da sanyi a nan nake tara shi. Akwai gawo guda a bakin gonarmu da nake yawan zama kusa da shi. Duk itatuwa suna ganye da damina shi yana tsaye tsirara, sai rani ya shigo kowa ya kaɗe sannan ya yi kore. Baba ya hana a sare shi saboda dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta ko'ina kyau, ni kuma yanzu ina ganin halina a jikinsa.

Game da kukan da ka yi, ina da shawara ɗaya. Na karanta cewa a can ma iska tana juyawa sau biyu a shekara, kuma daga Nuwamba zuwa Maris ta arewa maso gabas takan kawo ruwa mai yawa a gabar gabashin ƙasar, har masunta su rage fita teku. Mutanen da suke rayuwa da wannan ba za su rasa sunayen lokutansu ba, da abincin da suke jira, da 'ya'yan itacen da suke ɗoki. Ka tambayi tsofaffinsu kamar yadda nake tambayar Inna, ka rubuto mini abin da suka ce, ina son in sani ƙwarai. Ka kuma riƙa ba yaranka labarin hunturu da kaka, domin ƙaraminsu bai taɓa ganin hazo ba, kada ya dawo yana tambayar wace ce Jaura.

Na haɗa maka da kwafin waƙar Baba, yanzu ta kai baiti ashirin da uku. Ka karanta ta da ƙarfi, kada ka karanta a zuci, kuma in ka ji inda take ɗingishi ka gaya mini ba tare da kara ba. Uwargida ta ɗaura wa maiɗakinka kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji, suna nan a ajiye sai mun sami mai tahowa. Inna ta ce in gaya maka ka yi ƙoƙari dawowarka ta dace da kaka, ta yi alkawarin ajiye maka sabuwar dawa, turmin ma ba a mayar da shi bayan rumbu ba.

Ka gaishe mini da iyali da duk 'yan'uwanmu da ke can. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalam.

Naka amini,
daga Zariya.