Izinin mai unguwa ba shi ne izinin uba ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu ja kunnen masu shiga ƙauyukan Gombe da tsangayu suna binciken lafiya a kan yara. Ba a manta da Kano ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka guje wa rigakafin shan inna a 2003.

Kafin a taɓa yaro ko ɗaya, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince a rubuce, kamar yadda ƙa'idar ƙasa ta 2007 ta tanada. Sai a gaida hakimi da mai unguwa. A nan ake tuntuɓe: da zarar mai unguwa ya ce "ba komai", sai a ɗauka an gama. Shi ƙofar gari ya buɗe, ba ta gida ba. Haka malamin tsangaya. Amanar karatu aka ba shi, ba ikon yarda a ɗebi jinin almajiri ba, don haka a nemo iyayen ko da a waya ne, ko a bar yaron.

Uwa ce ke kai yaro asibiti, amma sau da yawa maganar tana hannun maigida. In ta dangwala yatsa a takardar izini nan take don kunyar likita, gobe uban ya zo ya janye ɗansa cikin fushi. A ba ta kwana ɗaya ko biyu ta yi shawara. A karanta takardar da Hausa ko Fulatanci ko Tangale, gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, a kuma furta cewa wannan bincike ne, ƙin shiga ba zai hana yaro magani ba.

Batun jini ya fi komai haifar da jita-jita. Kada a ce "mililita 5". A ce cokalin shayi ɗaya, a nuna kwalbar, a faɗi inda za a kai shi da ranar da za a zubar da saura. Yaro mai kilo 10 jinin jikinsa duka bai kai lita ɗaya ba, in kuma tamowa ko zazzaɓin cizon sauro sun riga sun rage shi, a auna kafin a ɗiba.

Shi ma yaron, in ya yi wayo, a tambaye shi. Tarbiyyarmu ta hana yaro cewa babba a'a, saboda haka shirunsa ba yarda ba ce. In ya janye hannu ko ya ɓuya bayan uwarsa, ya ƙi ke nan. 'Yan mata kuwa mace ta yi musu tambayoyi, inda ba a jiyo su.

In za a ba iyaye wani abu, kuɗin mota da sabulu sun isa. Dubban nairori a gidan da ba a ɗora tukunya ba sayen yarda ne. Hoton yaro kuma kada ya hau Facebook sai da wani izini na daban.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Gombe