Ƙwan Gidan Gona Ba Na Allura Ba Ne

Edita, assalamu alaikum.

Ina kiwon kaji a Rigasa. Kwanan nan wata Hajiya ta ajiye kiret ɗin ƙwaina, wai na allura ne tunda babu zakara a keji. Wallahi maganar nan tana ci min rai. Kaza in ta kai kamar wata 5 za ta fara ƙwai, da zakara ko babu. Zakara sai in 'yan tsaki ake so, su kuma kwana 21 suke ƙyanƙyashewa.

Burola, wato kajin nama, da ke cika cikin sati 6 zuwa 8 ma ba allura ba ce, iri ne da abinci, masara da waken suya. Abin da ya kamata masu saye su tambaye mu shi ne yaushe muka daina ba kajin magani kafin yanka.

Mai kiwon kaji,
Rigasa, Kaduna.