An Damƙa Mini Na'urar Gwajin Tauri

Assalamu alaikum mutumina,

Ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Bari in fara da albishir: an damƙa mini na'urar gwajin taurin ƙarfe, ba mai tsaya mini a ka!

Ka tuna Vickers ɗin da Malam ke zanawa a allo kana gyangyaɗi? To ita ce. Tsinin lu'ulu'u ne mai siffar dala, kusurwarsa digiri 136. Sai an goge ƙarfen ya yi ƙyalli, a danna masa tsinin, a bar nauyin daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan a ɗaga. Ɗan ramin da ya bari ake dubawa a madubin ƙara girma, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, a ɗauki matsakaici. A ninka nauyin da 1.8544, a raba da matsakaicin tsawon nan bayan an ninka shi da kansa; abin da ya fito shi ne lambar taurin ƙarfen.

Wannan ninkin ne ya hana ni sukuni. Da nauyin kilo 30, in ka karanta milimita 0.50 za ka samu wajen 223. In idonka ya ce 0.48, sai ka ga 241. Ƙarfe ɗaya, rami ɗaya, amma mutum biyu su rubuta sakamako daban, har a mayar wa mai kaya kayansa ba laifinsa! Shi ya sa ba na karatu sai bakin ramin ya fito fes.

 

Oga ya fi son wata na'urar gwajin tauri mai suna Rockwell, wai ba ruwanta da ido, zurfin rami take aunawa ta ba ka lamba. Gaskiyarsa, tana da sauri. Amma ka ɗora kilo 150 kan faranti siriri, ai har teburin da ke ƙasa ka auna. Kaurin farantin ya kamata ya kai ninki goma na zurfin ramin. Ƙarfen zubi kuwa na'urar Brinell na fi yarda da ita, ƙwallon milimita 10 da kilo 3000, don faɗin raminta yana haɗa wuri mai tauri da mai laushi. Tun 1900 ake aiki da ita.

Ka gai da iyali, kuma don Allah ka amsa wannan karon.

Naka har kullum,
Abokinka