Godiyar wani tela ga ma'aikatan ɗakin kine (gashin ƙashi da motsa jiki) na Sabon Gari, Damagaram

Assalamu alaikum.

Ni tela ne, shekara 26 ina taka keke a bakin Kasuwar Dole. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a saboda abin da kuka yi mini, ni da ɗiyata, ya fi ƙarfin "na gode" ta bakin ƙofa.

Wuyana ne ya fara kai ni wurinku. Kowa ya san goman ƙarshe na azumi a wurin tela: kai a sunkuye tun hantsi, a sha ruwa a koma kan keke har sahur. Bara, ana saura kwana uku ƙaramar Salla, na wayi gari ba na iya waiwaye. In an kira ni sai in juyo da jikina duka kamar kura. Na shafa man zafi, wanzami ya kafa mini ƙaho a ƙeya, na sha ƙwayoyin ƴan tebur har cikina ya fara ƙuna. Sauƙin kwana biyu, ciwo ya dawo.

Na zo da zaton za a kwantar da ni a murɗe wuyan, a ji ƙas, in biya in tafi. Sai na tarar da tambayoyi. Akwai zazzaɓi? Ciwon yana sauka hannu? Yatsu suna mutuwa? Almakashi yana suɓuce mini? Da na ce babu, malamin kine ya ce alhamdu lillahi, don wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, balle a lokacin zafi, nasa asibiti ne cikin gaggawa saboda sanƙarau. Daga nan ya miƙo mini bidon ruwa mai lita 5. "Baba, rungume shi a ƙirji." Na rungume, ba wani nauyi. "To, miƙa hannu gaba da shi." Kafin minti guda kafaɗata ta fara rawa. Ya ce kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5, ƙananan ƙasusuwa 7 ne ke ɗauke da shi, kuma haka naman ƙeyata yake wahala duk sa'ar da na leƙa allura. Ban taɓa jin bayanin da ya shige ni kamar wannan ba.

Abin da kuka koya mini ba shi da yawa, har na so in raina shi. In ja haɓa baya ba tare da na sunkuya ba, in ƙirga biyar, sau goma. In matse allunan kafaɗa kamar zan riƙe alli a tsakaninsu. In sa tafin hannu a goshi in tura, kai bai motsa ba. Duk rabin awa in tashi daga keke. Matashin kai ɗaya da dare, a daina ninka biyu. Kuka kuma tura ni a duba idanuna, ashe rabin sunkuyon na rashin gilashi ne. Yaran shagona sun yi ta dariya suna cewa maigida ya koma kunkuru, amma cikin mako shida na koma waiwaye a kan babur.

Babban dalilin wannan takarda shi ne ɗiyata mai shekara 12. Ina yi mata awon kayan babbar Salla sai na ga daga kafaɗa zuwa ƙasa dama ta fi hagu da santimita 2. Na sake awo sau uku, na zargi mitata. Uwarta ta ce tsayuwar banza ce. Kakarta ta ce ɗaukar ruwa ne, kuma wa zai yi mata musu a garin da yara suka tashi da bido a ka? Wata maƙwabciya har ta fara maganar iska. Ni dai idon tela ya ga abin da ya gani, kuma da yake na riga na san ƙofarku, na kawo ta.

Madam, malamar kine, ce ta karɓe ta, bayan labule, uwarta na tsaye. Ta sa ta duƙa gaba, hannuwa a sake, sai ga haƙarƙarin dama ya taso ya fi na hagu. Ta auna tsawon ƙafafunta, ta tambayi tari da rama da zufan dare, don tarin fuka ma yana cin ƙashin baya ya bar mutum da doro. Kuka tura mu likita ya gan ta, aka yi hoton ƙashi, karkacewar ƙashin bayanta ta tsaya a digiri 18. Madam ta zauna ta warware mana: ƙasa da 10 ba a ƙirga shi ciwo, daga wajen 25 yaron da bai gama girma ba ana sa masa rigar roba mai tauri, in ya wuce 45 zuwa 50 ake fara zancen aiki. Mafi yawan irin wannan ba a san sanadinsa ba, yakan bayyana daga shekara 10 zuwa sama, kuma ya fi ƙaruwa a jikin ƴan mata. Jakar lakwal ba ta kawo shi. Kakarta dai har yau ba ta sauka daga kan bido ba.

Akwai maganar da nake so mutanen Damagaram su ji. Na ce, "Madam, nawa zan biya bayan ya miƙe sarai?" Ta ce, "Baba, ba zan karɓi kuɗinka a kan alkawarin da ban iya cikawa ba. Motsa jiki ba zai mai da shi kamar sanda ba. Abin da muke nema, kada ya ƙaru kafin ta gama girma." Na sha kashe jikkuna a wurin masu cewa kwana bakwai an gama, shi ya sa wannan amsa ta ɗaure ni da ku.

Yanzu kullum bayan la'asar tana tsayawa gaban madubin shago, ta miƙe tsawonta, ta ja numfashi zuwa gefen da ya lotsa. Madam ta ce dabarar wata Bajamushiya ce, Katharina Schroth, wadda ita kanta ta yi fama da karkacewar, ta buɗe wurinta a 1921. Da wata shida ya cika muka sake hoto, yana nan a 18.

Ƴan'uwana teloli, mu ne ke auna yaran garin nan sau biyu a shekara. In kafaɗa ta saɓa ko gindin riga ya ƙi daidaita, kafin a rage yadi a ɓoye abin, a kira uwar yarinya gefe a faɗa mata.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hannuwanku albarka. Labulen ɗakin mata ya tsufa, na auna shi da ido. Ranar Alhamis kasuwa ba ta barina motsi, sai Asabar zan kawo sabo, kuma kada a yi mini maganar kuɗi.

Naku,
Tela daga bakin Kasuwar Dole, Zinder